Dala miliyan 325 a kan mutum ɗaya: me ƙungiyar besbol ke saye?

Tambaya: Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne, kwanan nan na fara kallon besbol na Amurka a intanet. Na ji an ce ƙungiyar Texas Rangers ta ba wani ɗan wasa dala miliyan 325 don kawai yana tsayawa a wurin da ake kira shotstof. Mutum ɗaya cikin tara, wanda bai fi ya riƙe sanda sau huɗu ko biyar a wasa ba. Wannan ba ɓarnar dukiya ba ce? Me zai sa ƙungiya ta yi haka?

Amsa: Malam, Corey Seager kake nufi, kuma kuɗin na shekara goma ne, daga ƙarshen 2021. Ni a ganina ba ɓarna ba ce, amma sai ka fara sanin wurin da yake tsayawa kafin ka ga dalilin tsadarsa.

Filin ciki na besbol yana da tasha huɗu, tsakanin kowace da mai bi mata ƙafa 90 ne. Shotstof shi ne mai tsaron sararin da ke tsakanin tasha ta biyu da ta uku. Yawancin masu bugu da hannun dama suke bugu, kuma ƙwallon da suka buga tana birgima a ƙasa can ɓangaren take yawan nufa. Sai ya tare ta, ya juya jikinsa, ya wurga ta har tasha ta ɗaya kafin mai gudu ya isa, shi kuwa mai gudun daƙiƙa huɗu da ɗan ɗori kawai yake buƙata. Ana son ƙafa mai sauri, hannu mai laushi, dantse mai ƙarfi, duk a jikin mutum guda. Shi ya sa shekara da shekaru ƙungiyoyi suka haƙura da shotstof wanda bai iya bugu sosai ba, in dai yana tare ƙwallo. Wanda ya haɗa biyun, yana tsaron wurin kuma yana bugu kamar manyan masu sanda, ɗaiɗai ne a cikin ƙungiyoyi 30 na babbar gasar. Mai bugu nagari a tasha ta ɗaya, ana samun irinsa a kasuwa kusan kowace shekara. A shotstof kuwa, tazarar da ke tsakanin gwani da wanda za a maye gurbinsa da shi ita ake biya.

Kuma kada ka raina bugu huɗu a wasa. Kakar besbol wasa 162 ce, kusan kullum ana filin. Lissafa ka gani, ya haura bugu 600 a shekara ga wanda ya zauna lafiya.

Sai batun 'yanci. A besbol ba kasafai ake sayen ɗan wasa daga wata ƙungiya da tsabar kuɗi ba kamar yadda ka saba gani a Turai. Musaya ake yi, ka ba da 'yan wasa a ba ka ɗan wasa. Idan kana son gwani da ke ƙarƙashin kwantiragi, sai ka miƙa samarin da ka sha wahalar rainonsu. Amma ɗan wasan da ya cika shekara shida a babbar gasa kuma kwantiraginsa ya ƙare, yana da damar zuwa inda ya ga dama, tsarin da ya kafu tun 1976. Shi wannan kuɗi kawai zai ci maka, sai wataƙila ka rasa gurbi ɗaya ko biyu a zaɓen sababbin 'yan wasa. Besbol kuma ba ta da ƙa'idar da ta hana ƙungiya wuce wani adadi na albashi, haraji kawai ake ɗora wa wanda ya zarce iyaka. Mai ƙungiya attajiri gara ya taɓa aljihunsa da ya taɓa gonarsa, wato samarin da yake raino.

Duba abin da ya faru a Texas. A 2021 sun sha kashi a wasa 102. Suka ɗauko Seager yana ɗan shekara 27, suka haɗa da Marcus Semien a kan dala miliyan 175 na shekara bakwai, shi ma ya daɗe yana shotstof kafin ya koma tasha ta biyu. Shekarar farko ba a ga komai ba, wasa 68 kacal suka ci, masu dariya suka yi ta dariya. A 2023 aka hana ƙungiyoyi jibge masu tsaro uku a gefe ɗaya na filin ciki, dabarar da ta daɗe tana cinye wa masu bugu da hagu irin Seager ƙwallayensu. Doka ɗaya ta ƙara masa daraja ta fuska biyu: bugunsa ya samu hanya, kuma shotstof ya koma dogaro da ƙafarsa. A wasan farko na World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofin babbar gasar, da Arizona, ana gab da tashi Texas na baya da biyu, ya buga ƙwallo ta tsallake katangar filin, bugun da ya farke su duka, suka ci wasan a ƙarin lokaci. Suka ɗauki kofin, na farko tun kafuwar ƙungiyar a 1961, shi kuma aka ba shi gwarzon gasar, karo na biyu bayan wanda ya samu da Dodgers a 2020.

To amma kada in yi maka daɗin baki. Wannan Texas ɗin ce dai ta ba Alex Rodriguez dala miliyan 252 a shekarar 2000. Ya yi duk abin da aka biya shi ya yi, har ya zama gwarzon shekara na ɓangaren gasarsu a 2003, amma shekara uku a jere ƙungiyar ce ta ƙarshe a rukuninta, saboda ba ta da masu jifa na kirki, wato masu jefa wa mai bugu ƙwallo. Dole suka miƙa shi ga Yankees. Bambancin 2023 shi ne sun kawo masu jifa irin su Nathan Eovaldi da Jordan Montgomery, da gogaggen koci Bruce Bochy wanda ya riga ya ci kofi uku da San Francisco. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a besbol ma fiye da ƙwallon ƙafa, tun da gwani ba zai karɓi sandar wani ya buga masa ba. Sai layi ya zo kansa.

Akwai kuma jiki. A kakar ciniki ɗaya da Seager, Boston ta ba Trevor Story dala miliyan 140, rauni ya cinye masa shekaru. Detroit ta ba Javier Báez daidai wannan adadi, bugunsa ya dusashe. Carlos Correa kuwa, a Disamban 2022 San Francisco ta amince ta ba shi miliyan 350, likitoci suka duba wani tsohon rauni a ƙafarsa ta dama, ciniki ya watse. Mets suka zo da miliyan 315, su ma suka ja da baya. Ya koma Minnesota a kan miliyan 200.

Shekaru goman da ka ji, babu wanda yake zaton zai yi su duka yana kan ganiyarsa. Ƙungiya na sayen shekara biyar ko shida na farko ne, ta baza biyan a kan goma don nauyin kowace shekara ya ragu. Don haka idan ka ji ana zawarcin wani shotstof, tambayar da nake fara yi ita ce: ranar da ƙafarsa ta yi nauyi aka mayar da shi tasha ta uku, bugunsa kaɗai zai iya riƙe masa gurbi? Na Seager zai iya. Báez kuwa, ko a lokacin da yake tashe yana yawan kai wa ƙwallon da ta kauce sanda, kuma Detroit ta san da haka kafin ta sa hannu.