Amsar tambayarka kan zaren kitso da ɗaurin lida

Wa alaikumus salam ɗana, na ga saƙonka tun daren jiya amma lokacin yanzu na fito daga ruwa, ko abinci ban iya ci ba sai barci. Ka ce mutumin nan da kake rakawa fatsa ranar Asabar ya ba ka kuɗi ka sayo masa zaren kitso, wanda su suke ce wa bired, ka shiga shago ka tarar da kwalaye iri iri da lambobi ka rasa na ɗauka, sannan ka ce wancan satin sau biyu kifi na tsinke maka daidai wajen ƙulli. To zauna ka karanta a tsanake, don tambaya biyun nan naka asalinsu ɗaya ne.

Ka fara sanin halin zaren tukuna. Mu da muka taso a Yauri muna zuba mamari da jefa birgi zaren roba muka sani, nailan, sili ɗaya ne kuma yana miƙewa kamar ɗanko, in ka ja mita 10 zai iya ƙara maka mita 2 kafin ya tsinke. Shi kuma na kitso siraran zaruruwa ne na wata irin roba mai ƙarfi da za ka ga an rubuta Dyneema ko Spectra a jikin kwali, aka kitse su kamar yadda mata ke kitsa gashi, kuma kusan ba ya miƙewa sam. Shi ya sa in kifi ya ɗan taɓa koto a can ƙasa za ka ji shi a tafin hannunka kamar an ƙwanƙwasa ƙofa, kuma ga shi siriri ga ƙarfi, ril, wato abin naɗe zare da ke jikin sanda, wanda zai ci mita 150 na nailan sai ya ci kusan ninkinsa na kitso, in ka jefa kuma ya yi nisa. Amma fa duk ƙarfin nan nasa na ja ne kawai, ba ya jure gugar abu. Ka ɗaura shi a ƙarfe ka ja da iya ƙarfinka sai dai ya yanka maka hannu, amma ka bari yana a ɗame ya gogi ɓawon kawa ɗin nan da ke manne a ginshiƙan gadar Third Mainland ko duwatsun Tarkwa Bay a nan Legas, sau ɗaya tak, sai ka ji sanda ta yi sakayau a hannunka. Wannan shi ne dalilin lida, guntun zaren da ake haɗawa tsakanin na kitso da ƙugiya, babu wani boka babu malam.

Wajen saye kuma abu na farko da za ka gani shi ne X4 ko X8, wato kitson zare 4 ko zare 8. Mai 8 ya fi santsi da laushi, ba ya ƙara in yana bi ta zobban sanda, ya fi nisan jifa, kuma ya fi tsada. Mai 4 yana da kaushi, za ka ji yana zuu in kana naɗewa, amma da yake kowane sili nasa ya fi kauri ya ɗan fi haƙuri a wajen ciyawa da itatuwa, kuma da damina in kainuwa ta cika Lagun, wato tafkin Legas, har tana toshe hanyar jirage ta wajen Ikorodu, shi ne yake ɗan yanka ta ya wuce. Ni a ganina mai koyo ya fara da mai 4 mai kyau ya fi masa ya sayi mai 8 na banza.

Sai lambar fam, 20 ko 30 ko 50, wato nauyin da ake cewa zai ɗauka kafin ya tsinke, fam 30 kusan kilo 13 da rabi kenan, fam 50 kuma ya haura kilo 22. Wasu kwalayen kuma za ka ga PE 1, PE 2, PE 3, wannan awon Japanawa ne kuma kauri yake nufi ba ƙarfi ba, PE 1 bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Ni kaurin na fi dubawa don lambar fam kowane kamfani da irin cika bakinsa. Na taɓa sayen wani a kasuwa a nan Legas, kwali ya sha ado har da hoton ƙaton kifi, an rubuta fam 50, farashi kuma kamar kyauta, ina zuwa gida na ɗaura shi a jarka mai lita 10 cike da ruwa, kilo 10 kenan fa, ina ɗagawa ya ce tas, jarka ta faɗo min a babban yatsa. Araha ba ta ado. Ko sunayen da aka sani irin su PowerPro da J-Braid akwai jabunsu a kasuwa, don haka ka zaro ɗan bakin zaren ka murza tsakanin yatsu, na kirki za ka ji shi a mulmule a matse, jabu kuma faffaɗa ne kamar kirtanin buhu, yana warwarewa kuma rini na fita a hannunka.

Ka tambayi mutumin naka ina zai jefa, shi ne zai gaya maka lamba. In cikin Lagun ne, tarwada da karfasa da ƙananan kuroka, fam 20 zuwa 30 ya wadatar, mita 150. In kuma duwatsun bakin teku ne da Turawa suka jibge don shigar manyan jirage, inda ruwa ke da ƙarfi kuma kifi yana kamawa rami zai nufa, to kar ka yi ƙasa da fam 40 ko 50 kuma ka sayi mita 300. Launi kar ya dame ka, ruwan ɗorawa ko kore duk don idonka ne, kifi lida zai gani. Mai launi kala kala ɗin nan da ke canzawa duk mita 10 amfaninsa in kana cikin jirgi kana sakewa ƙasa ka san zurfin da ka kai, in daga bakin gaɓa kake jifa ba ka buƙatarsa.

Kafin na manta, wajen naɗa shi a ril kar ka ɗaura shi kai tsaye a jikin ƙarfen, santsi gare shi, sai ka ga duk dunƙulen yana juyawa gaba ɗaya kana naɗewa kifi na tafiya da zare ka ɗauka birkin ril ne ya lalace. Ka fara shimfiɗa nailan kamar mita 10 ko 15 a ƙasa, ko ka zagaya salatif ɗin masu wayarin, sannan ka naɗa shi a matse kana riƙe da jiƙaƙƙen tsumma, kuma kar ka cika shi har baki, ka bar kamar milimita 2 ko 3, in ba haka ba jifa ɗaya zai fito a dunƙule ya yi maka ƙullin iska, ka wuni kana tsifa da allura wasu na kama kifi.

Yanzu lida. Guntun nailan ne ko fuloro, wani zaren roba mai kama da nailan, da ake haɗawa a bakin zaren kitso, shi ne yake shan gugar dutse da bakin kifi, shi ne kuma yake ɗan miƙewa in kifi ya fizga don kar ƙugiya ta yage masa baki, sannan shi za ka kama da hannu in ka jawo kifi kusa. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi da kyau, in ka zo ka duba ɗan yatsana na dama za ka ga tabo a zagaye kamar zobe, ƙugiya ce ta maƙale a ƙasa na naɗa zaren a hannu na ja, igiyar ruwa ta ɗaga jirgin, wallahi ban ji zafi ba sai jini na gani yana ɗiga a kan katako. In ta maƙale ka naɗa a guntun itace ka ja. Fuloro ya fi tauri, yana nutsewa, kifi ba ya ganinsa sosai in ruwa ya yi garau kamar da rani, amma da tsada kuma ƙullinsa na son kulawa, shi kuma nailan ga sauƙi ga laushi, kuma a ruwan Lagun na damina da ya zama kamar kunu babu kifin da zai bambance su, kar ka ɓata kuɗin mutum. Tsawo gaba guda ya isa yawanci, wajen dutse ka ƙara rabi, kauri kuma in zarenka fam 30 ne sa lida 30 ko 40, a duwatsu 60 har 80. In kuta kuke nema, mai haƙoran nan kamar tsage na wajenmu, sai ka ƙara taƙi guda na waya a gaba don nailan ko na nawa ne datse shi take yi.

To ga inda naka yake tsinkewa, kuma na san abin da ka yi ko ban gani ba, ƙullin da muke yi wa nailan ka yi masa, zagaye huɗu ko biyar ka ja. Wannan zaren ba ya riƙe shi, zamewa yake. Ka duba bakin da ya dawo maka, in a nannaɗe yake kamar wutsiyar alade to ƙulli ne ya kwance, laifinka ne, in kuma ya yi buzu buzu to dutse ne ya ci shi.

Ƙulli biyu nake so ka iya. Na farko wanda ake ce wa dabul yuni, ka jera bakin zaren da bakin lida su wuce juna kamar taƙi guda, ka yi zobe da na kitson ka zagaya shi cikin zoben ya naɗe su duka biyu sau 8 ko 10, ka ɗan matse, sannan ka yi haka da lida amma sau 4 ko 5 don shi mai kauri ne, ka jiƙa da yawu, ka ja dogayen ɓangarorin a hankali har ƙullin biyu su zo su haɗu. Yawun nan ba al'ada ba ce kawai, in ka ja shi a bushe zafin gugar yana ƙona nailan ya raunana. Wannan shi ne na cikin jirgi in ruwa na jijjiga ka kuma kifi na ci. Aibinsa yana da ɗan tudu, in lida ta yi kauri za ka ji yana bugun zobban sanda wajen jifa.

Na biyu shi ne FG, shi ne sarki, siriri ne yana wucewa ta zobe kamar babu shi, domin lidar ba a lanƙwasa ta sam, zaren kitson ne yake kitsuwa a jikinta ya shaƙe ta, yadda ka ƙara ja haka yake ƙara kamawa. Ka kafa sanda a jikin wani abu, ka ciji bakin zaren ya ɗame tsakanin haƙoranka da kan sanda, sai ka ɗora lida a kai ka riƙa zagaya ta ta ƙarƙashi, sau ɗaya ta sama sau ɗaya ta ƙasa, kana matsawa suna jeruwa kamar kitson shuku, har wajen 20. Sai ka yi ɗan zarge biyu a kan su duka don ya tsaya, sannan ka naɗa kowane ɓangare a itace ko ka sa safar hannu ka ja da ƙarfin gaske, har ka ga launin kitson ya canza ya yi duhu yana ƙyalli, wannan ita ce alamar ya ciji lidar. Nan ne yara suke faɗuwa, sauri suke su yanke tun bai ciza ba, sauri kuwa ya haifi nawa, kifin farko zai zare lidar kamar an zare takobi daga kube. Bayan ya ciza ka yanke bakin lidar dab da ƙulli, ka ƙara zarge 4 ko 5 a kan zaren kaɗai, ka datse da almakashi mai kaifi, haƙori ko filaya ba sa yanka shi sai dai su tattauna.

In hannunka bai faɗa ba tukuna ka sa ƙaramin suwibul, ɗan ƙarfen nan mai zobe biyu da ke juyawa, a tsakanin zaren da lida, ka ninka zaren biyu ka ɗaura da ƙullin da ake ce wa faloma, ba abin kunya ba ne, sai dai kar ka naɗo shi har kan sanda don zai fasa maka zoben ƙarshe, zobe mai tsaga kuwa shi ma cin zare yake a ɓoye. Sannan ka sassauta birkin ril ɗin nan, na lura kana ɗaure shi tamau kamar mai jan saniya, tunda zaren ba ya miƙewa birkin ne zai yi haƙurin, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zaren ya isa. In kun dawo kuma a ɗauraye da ruwan famfo saboda gishiri, in bakin zaren ya koɗe ya fara gashi ka yanke mita 2 ko 3 ka zubar, in ya tsufa gaba ɗaya ka juya shi na ciki ya dawo waje, sabo ne fil.

Kar ka sayi komai yau. Ka kira mutumin ka ji inda za shi, gobe bayan azahar ka same ni a Obalende mu je shagon tare, ka zo da almakashi da ragowar zaren da ya tsinke ɗin ina so na ga bakinsa, kuma daren nan ka zauna ka ɗaura FG sau 10 ka zo min da su a leda, zan ja su ɗaya bayan ɗaya a gabanka. Ka gaida mutanen ɗakinku.