Amsa: Shin an gano ƙwayar gadon da ke hana tsufa?

Ɗan'uwa, ka ce wani mai tallan magani a Terminus, nan Jos, yana cewa Turawa sun gano sirrin hana tsufa, kana son sanin gaskiyar zancen. Akwai ƙamshin gaskiya, amma ya zuba gishiri da yawa.

Aikin da ya fi tashe shi ne na Cynthia Kenyon, a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko. A 1993 ita da ɗalibanta suka nuna cewa sauya ƙwayar gado (gene, wato abin da ke ɗauke da siffofin da ake gada daga iyaye) guda ɗaya, mai suna daf-2, na ninka rayuwar wata 'yar tsutsa mai suna C. elegans. Tsutsar ba ta wuce milimita 1 ba, kuma mako 2 zuwa 3 take yi ta mutu. Abin burgewar, waɗanda aka sauya wa suna ta wutsil-wutsil lokacin da sa'anninsu sun riga sun langaɓe. Sai dai in babu wata ƙwayar, daf-16, ƙarin kwanan ba ya samuwa.

Kafin nan masana da yawa na ɗaukar tsufa lalacewa ce kawai, kamar tsohuwar mota. A 1997 ɗakin binciken Gary Ruvkun ya gano daf-2 dangin abin da ke karɓar insulin (sinadarin da ke daidaita sukarin jini) ne a jikinmu, daga baya kuma an ga alaƙar ƙwayar gado FOXO3, 'yar'uwar daf-16, da tsawon rai a mutane.

Amma tsutsa ba mutum ba ce. Ita kanta Kenyon ta koma Calico, kamfanin binciken tsufa, a 2014, kuma har yau babu maganin hana tsufa da aka tabbatar. Kafin ka taɓa aljihu, ka duba lambar NAFDAC a jikin kwalbar, ka tambayi likita.