Amsar tambaya kan yadda ake ƙera ƙananan sensa masu auna matsi

Ɗan'uwa, ka yi tambaya kan yadda ake ƙera ƙananan sensa ɗin nan masu auna matsin iska da ke cikin waya da tayar mota, kuma wace hanya ta fi wajen haƙa silikon, ruwan kemikal ko gas. Na ɗan daɗe a wannan aikin, bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Asalin abin wata 'yar fata ce siririya ta silikon kamar fatar ganga, iska ta danna ta sai ta lotsa. Ana dasa resista 4 (abin da ke rage gudun lantarki) da sinadarin boron a gefenta inda ta fi jin jiki, a haɗa su gadar Wheatstone, wato tsarin haɗin lantarki da ke nuna canjin da ya same su in fatar ta lotsa. Tun 1954 Charles Smith na Bell Labs a Amurka ya gano cewa silikon in aka matse shi yadda yake barin lantarki ya wuce yana canzawa sosai.

Ana samun wannan fatar ne ta hanyar haƙa rami daga bayan faifan silikon. Hanyar ruwa ita ce KOH, wani kemikal mai cin silikon. Ka rufe bayan faifan silikon ɗin da naitraid, wani shafi da ke kare silikon daga KOH, ka buɗe taga a inda kake son ramin, ka tsoma a KOH mai zafin digiri 80, yana ci kusan maikiron 1 (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) a minti, bangon ramin kuma dole ya karkata digiri 54.7, haka ƙirar silikon take, shi ya sa yake cin fili. Ni farkon farawata da agogo na dogara, ashe zafin ruwan ya ɗan haura ban lura ba, da na ɗaga faifan na haska fitila wasu fatun sun yi jajawur haske na ratsa su saboda siranta, wasu ma sun huje, aikin sati biyu ya tashi a banza, wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Kar ka yarda da agogo, nemi faifan SOI, wato faifan silikon mai siririn shafin oksaid binne a ciki, wanda zai tsayar da cin da kansa, don kaurin fatar nan shi ne komai.

Hanyar gas kuwa, wato DRIE, wadda Franz Laermer da Andrea Schilp suka ƙirƙiro a kamfanin Bosch, gas biyu take musanyawa, SF6 ya ci silikon, C4F8 ya shafe bango don ya kare shi, rami ya sauka a miƙe sambal, sensa ta ƙara ƙanƙanta. In kana da injin, ita zan zaɓar maka.

Amma fa inda aka fi shan wuya shi ne bayan nan. Za ka manne faifan da gilashin Pyrex mai jure zafi a zafin kusan digiri 400 da ɗaruruwan volt, sannan ka zaunar da shi a gidansa, in ka sa gam mai tauri to gam ɗin da kansa zai riƙa jan fatar duk sanda zafi ya canza, ka ga lamba na yawo alhali iska ba ta motsa ba. Sa gam mai laushi irin na roba (silicone), kuma kowace sensa ka gwada ta a sanyi da zafi ka rubuta gyaranta daban, don ko 'yan faifai ɗaya ba sa ba da lamba iri ɗaya.