Hukuncin sayen taurari da sharhin yabo don shago ya hau sama a Google

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan sola a Gombe, wajen Jekadafari, ina sayar da faifan sola da batura da inbata. Idan mutum ya nemi kayan sola a Google, shagon maƙwabcina ne ke fara fitowa, nawa sai an gangara ƙasa. Wani yaro mai aikin intanet ya ce in na biya shi zai zuba min sharhin yabo 50 masu taurari biyar, ya sa a riƙa danna tallan maƙwabcin har kuɗinsa ya ƙare, kuma ya yi alkawarin ni zan zama na farko. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, neman a gan ka kafin a ga wani ba laifi ba ne. Kamar kama shago ne a bakin hanya, ko rataya allo mai haske. Allah ya halatta kasuwancin da aka yi da yardar juna, kamar yadda ya zo a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i. Amma abubuwa uku da yaron nan ya kawo maka, kowanne da hukuncinsa.

Idan mutum bai taɓa sayen komai a wurinka ba, sharhin yabon da zai rubuta haramun ne. Ƙarya ce tun daga tushe, domin yana cewa "na saya, na ji daɗi" alhali bai saya ba, kuma Allah ya ce a nisanci maganar zur a aya ta 30 ta Suratul Hajji. Sannan ya yi kama da najashi, wanda Annabi (SAW) ya hana a hadisin Ibn Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito: mutum ya riƙa ƙara taya kaya ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi na kusa da shi. Illar ɗaya ce. Wata baiwar Allah a Tunfure za ta ga taurari biyar ta ɗauka mutum 50 ne suka gwada baturinka, ta kwashe kuɗin adashinta ta kawo. Ko da baturin na da kyau, yardar da ta bayar an gina ta a kan yaudara. Risala ta Ibn Abi Zaid ta fayyace cewa tadlisi (rufe gaskiyar kaya) da algus da yaudara da ɓoye aibu ba su halatta a ciniki ba. Zunubin ya hau kanka da kan yaron, kuma ladar da zai karɓa ba halal ba ce.

Ko ta fuskar duniya ma asara ce. Google na lura da sharhin da ya zubo lokaci guda daga sababbin asusu, yana goge shi, wani lokaci ya dakatar da shafin shagon gaba ɗaya.

Roƙon wanda ya saya da gaske ya rubuta abin da ya gani ya halatta. Ka bari sai an ɗaura masa kayan sun yi mako biyu ko uku suna aiki, sannan ka tura masa mahaɗar shafinka ta WhatsApp. Amma kada ka ce "ba ni taurari biyar in rage maka kuɗi", wannan sayen shaida ne, kuma ƙa'idar Google ma ta hana.

Danna tallan maƙwabci ya fi na farko muni. Tallan Google ana cire wa mai shi kuɗi ne a kan kowace dannawa, saboda haka duk dannawar muguntar da aka cire masa kuɗi a kanta ɓarnatar da dukiyar Musulmi ce. "La darara wa la dirar", ba cuta ba cutarwa. Wanda ya aikata sai ya biya abin da ya ɓarnatar ko ya nemi yafiya. Haka nan rubuta masa sharhin suka na ƙarya, ko kai ƙarar cewa shagonsa ya rufe.

Akwai wata dabara da ba ka tambaya ba, amma za a kawo maka ita: ka biya tallanka ya fito idan an nemi sunan shagonsa. Hanin taya a kan tayin ɗan'uwa, a wurin malamanmu na Malikiyya, yana farawa ne idan mai saye da mai sayarwa sun karkata ga juna, mai bincike kuwa bai kai nan ba. Don haka ban ce haramun ba ne matuƙar tallan na ɗauke da sunanka ƙarara, ba a sa mutum ya zaci shagon wancan ne ba. Sai dai ni ba na so, domin ya yi kama da tsayar da yaro a ƙofar maƙwabci yana kiran masu shiga.

Alkawarin zama na farko kuwa, babu mai iya lamunce shi, Google da kansa ya faɗi haka. Idan ka biya tun farko a kan sakamakon da ba a hannunsa yake ba, an shiga garari, wato ciniki a kan abin da ba shi da tabbas. Mafita biyu ce. Ko ku yi ijara, wato ka ɗauke shi aiki da lada, a kan aiki sananne da kuɗi sananne da wa'adi, ko ku yi ji'ala, wato ba shi da komai sai abin ya tabbata, kuma ba a yanka mata wa'adi.

Aikin da za ka ɗauke shi ya yi shi ne ya buɗe maka Google Business Profile, wato shafin shagonka a Google, da sunan da ke kan allonka ba ƙari, ya dasa alamar taswira daidai ƙofar shagon, ya zaɓi rukunin sana'a daidai, ya sa lambar waya da lokutan buɗewa har da rufewar Juma'a, da hotunan kayanka na gaske. Google na duba dacewa da abin da aka nema, da kusanci, da shahara. Saboda kusancin nan ne wasu ke dasa adireshin bogi a Pantami alhali ba su da shago a can, wannan ma ƙarya ce.

In har an riga an zuba maka sharhin bogi, ka sa a goge, ka tuba. Wallahu a'alam.