Wane harshe zan ɗauka, Ingilishi, Larabci ko Sinanci?

Tambaya: Malam, na ci bak bana, ina so in karanta hulɗar ƙasa da ƙasa. Faransanci na iya, na kuma yi makarantar allo. Yayana ya ce in koyi Sinanci saboda matatar mai ta SORAZ. Me za ku ce? Daga wata ɗaliba a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Ƴata, fara da Ingilishi. Majalisar Ɗinkin Duniya na da harsuna 6 na hukuma: Ingilishi, Faransanci, Larabci, Sinanci, Rashanci da Sifaniyanci. Amma sakatariyarta da biyu take aikin yau da kullum, Ingilishi da Faransanci, ɗaya kuwa yana hannunki. Ko a nan gida, dokar ƙasa ta 2025 ta sa su biyun ne harsunan aiki.

Kada ki dogara da Ingilishin lise. Matakin da ake nema shi ne B2 a ma'aunin iya harshe na Turai, kuma daga farko yakan ci awa 500 zuwa 600 na darasi. Awa 2 kullum, kwana 5 a mako, shekara guda ke nan da ɗan ɗori. Inda ɗalibai ke faɗuwa shi ne rubutu. Sai ki ga mutum yana zuba hira da ƴan kasuwar Kano, a ce ya taƙaita rahoto a shafi ɗaya sai alƙalami ya tsaya. Duk mako ki ɗauki ƙuduri guda na Majalisar, ki ajiye na Faransanci da na Ingilishi gefe da gefe, ki rubuta taƙaitawa ta kalmomi 150, malami ya bi da jan biro. Shaidar Ingilishi da jami'o'in waje suka fi karɓa ita ce ta jarrabawar TOEFL ko IELTS, shekara 2 kawai suke aiki, don haka kada ki yi da wuri.

Na biyu, Larabci. Kin san baƙaƙe, kuma harshen aiki ne a Tarayyar Afirka da Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi mai hedikwata a Jidda. Sai dai karatun allo bai koya miki kalmomin yarjejeniya da kasafin kuɗi ba. Fusha, wato daidaitaccen Larabci na jarida, za ki nema.

Yayanki bai yi ƙarya ba, akwai aiki da Sinawa tun buɗe matatar a 2011, kuma karin sautinsu guda 4 ba zai firgita kunnen Bahaushiya ba. Rubutun ne dutsen: sai kin haddace alamomi 2,000 zuwa 3,000 kafin ki karanta jarida. Bar shi sai kin gama lisans, ko kin samu gurbin karatu a Sin.