Na Sayar Da Tsohuwar Amfilifayata, Mai Saye Ya Dawo Yana Neman Kuɗinsa

Barista, barka da aiki. Ni makaɗin jita ne a Kaduna. Ina da tsohuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara sautin jita, ƙirar Marshall Super Lead mai wat 100, ta shekarar 1973, irin mai bawul ɗin gilashi. Shekarun baya na kai ta wurin mai gyara ya huda ƙarfenta ya ƙara mata bawul guda don sautin ya ƙara kaushi, ya kuma toshe ɗaya daga cikin ramukan jona jita ya sa maɓallin rage ƙara a wurin. Daga baya taransifomar da ke kai sauti lasifika ta ƙone, aka sa wata. Watan jiya na tallata ta a WhatsApp, na rubuta "Marshall 1973, ta asali, ba a taɓa ta ba sai sabis." Wani mai situdiyo ya zo daga Abuja ya gwada kusan awa guda, muka daidaita a kan naira miliyan 1.2. Ya ba ni jitarsa a dubu 300, ya tura cikon dubu 900. Bayan kwana tara ya kira ya ce makanikinsa ya buɗe ya ga an yi mata aiki, ko in mayar masa da kuɗi da jita ko ya kai ni 'yan sanda. Ni kuwa na riga na kashe rabin kuɗin. Ina mafita?

Ɗan'uwa, barka kadai. Ba zan ɓoye maka ba, mutumin nan yana da magana, sai dai ba ta kai girman da yake ɗauka ba.

Gyaran da ka yi wa amfilifayarka ba laifi ba ne. Kayanka ne, ka huda inda ka so. Irin aikin nan ma sananne ne a duniyar masu jita: a shekarun 1980 masu gyara a Los Angeles, irin su Jose Arredondo da Lee Jackson, da shi suka yi suna, domin Super Lead ba ta zo da babban maɓallin rage ƙara ba, kuma ba ta ba da kaushin da ake nema sai an ƙure ta har maƙwabta su fito. Akwai masu neman wadda aka yi wa aikin da gangan. Amma akwai wasu masu sayen, masu tara kayan da, waɗanda taransifomar masana'anta da ƙarfen da ba a huda ba su ne abin da suke zuba wa kuɗi. A wurinsu rami guda kawai ya isa ya karya farashi, don ba a mayar da ƙarfe yadda yake. Kai kuma tallarka ga waɗannan ta yi kira.

Dokar da ke kan wannan ciniki ita ce Dokar Sayar da Kaya ta 1893 da muka gada daga Ingila, ko kuma takwararta a jihohin da suka yi tasu, wadda a wannan gaɓa kusan abu guda suke faɗa. Mutane da yawa sun haddace cewa kayan gwanjo ba shi da garanti, wanda ya saya ya saya. Akwai gaskiya a ciki: sashe na 14, mai magana kan ingancin kaya, ya fi shafar ɗan kasuwar da sana'arsa ke nan, ba makaɗin da ya sayar da abin amfaninsa sau ɗaya ba. Da bawul ce ta mutu bayan mako guda, da sai in ce ka ba shi haƙuri kawai. Sashe na 13 ne ya kama ka. Ya ce idan an sayar da kaya bisa siffantawa, dole kayan su dace da siffar, kuma bai ware mai shago daga wanda ba mai shago ba.

Za ka ce ai ya gani da idonsa, ya kaɗa da hannunsa. An yi irin wannan gardama a Ingila a 1967, a shari'ar Beale da Taylor. Wani ya tallata mota a jarida cewa Triumph Herald ce ta 1961, mai saye ya zo ya duba, ya shiga aka zagaya da shi, ya biya. Ashe rabin motoci biyu ne aka yi wa walda, bayan ne kaɗai na 1961. Mai sayarwar shi kansa bai sani ba, amma kotu ta ce ya biya diyya, domin mai saye ya dogara da abin da aka rubuta. Hukuncin bai zama tilas a kan alkalanmu ba, amma suna sauraronsa da kunnen basira tunda dokar iri ɗaya ce. Kai kuwa ka ma san an yi aikin.

Kada jitar da ta shiga tsakani ta ruɗe ka. Da ba ni gishiri in ba ka manda kuka yi, babu kuɗi ko kaɗan, da dokar 1893 ba ta shiga ba, don ita sai da farashi na kuɗi. Amma kun yanka farashi, kun yi wa jitar ƙima, an biya ciko. Wannan ciniki ne.

To ina ƙarfinka? Wurare biyu. Na farko, maɓallin da ke gaba. Super Lead ramukan jonawa huɗu gare ta, duk wanda ya san ta zai lura saura uku, ga maɓalli a na huɗun. Mai situdiyon da ya yi awa guda yana murɗa shi ba zai ce bai san an taɓa ta ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila, a shari'ar Harlingdon da Christopher Hull kan wani zane, ta ce masanin da ya dogara da idonsa ba da bakin mai sayarwa ba, ba zai fake da siffantawa ba. Wannan hujja za ta rage masa kaifi, amma ba za ta rufe maganar taransifoma da ƙarin bawul ba, tunda su sai an kwance murfin baya.

Na biyu shi ne abin da doka za ta ba shi. Mayar da kaya a karɓi kuɗi dungurungum yana yiwuwa ne kafin mutum ya karɓi kayan a hukunce. Sashe na 35 ya ce an karɓa idan mutum ya yi da kayan abin da mai shi kaɗai ke yi, ko ya riƙe su har lokaci mai ma'ana ya wuce bai ce uffan ba. Kwana tara ba su da yawa ga abin da sai makaniki ya buɗe, gaskiya. Amma idan a cikinsu ya yi aikin kuɗi da ita a situdiyo, ko makanikinsa ya sa dalma ya cire wani abu, to ƙofar mayarwa ta yi ƙunci, sai diyya. Diyyar kuma, a sashe na 53, ita ce ratar da ke tsakanin ƙimar wadda aka siffanta masa da ƙimar wadda ya samu. Ba miliyan 1.2 ba, ratar kawai.

Batun 'yan sanda. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don saɓa yarjejeniya kawai, ofishinsu ba wurin karɓo bashi ba ne. Amma kada ka miƙe ƙafa. Idan ya rubuta ƙorafinsa a matsayin cuta, dokar laifuka ta Penal Code ta yi magana kan wanda ya yaudari wani har ya miƙa dukiyarsa, kuma "ba a taɓa ta ba" daga wanda shi ya kai ta aka taɓa, abu ne da ɗan sanda zai iya buɗe fayil a kai. Idan sun gayyace ka, ka je da lauya. Kada ka goge tallar ko hirarku. Shi ma yana da kwafi, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar gabatar da ita, kuma gogewa kama da rashin gaskiya take yi.

Idan ku biyun Musulmi ne wani zai ce a tafi kotun shari'a. Can ma ba sauƙi za ka samu ba: fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan an ɓoye masa aibi, ga hadisin nan na wanda ya yi mana algus ba ya tare da mu. Ga kuma saɓanin malamai kan ingancin cinikin kayan kiɗa tun asali, wanda zai iya jan maganar wani wuri dabam.

Shawarata, ku sasanta, kuma kai ka fara. Ku yarda da makaniki guda wanda ba naka ba ba nasa ba, ya duba ya rubuta abin da yake na masana'anta da abin da aka canja. Kada ɗayanku ya zura hannu ciki: wutar da ke cikinta ta haura bolt 400, kuma kafasitocinta kan riƙe wuta ko bayan an zare soket. Idan ka ajiye tsohuwar taransifomar da ta ƙone, ka nemo ta, ana sake naɗe irinsu kuma tana ƙara wa kayan daraja. Daga nan ka ba shi zaɓi a rubuce: ko ya riƙe amfilifayar ka rage masa kuɗi, wataƙila mayar masa da jitarsa ma ta cike ratar, ko ya dawo da ita yadda ya ɗauka, ka ba shi jitarsa da abin da ke hannunka yanzu, sauran a ranakun da kuka sa. Kada ka sayar da jitar nan kafin a gama. Duk abin da kuka tsaya a kai ku rubuta, da lambar jikin amfilifayar, da cewa wannan ya rufe duk wata da'awa, ku sa hannu gaban shaidu biyu.

Idan ta dawo hannunka za ka sake sayarwa, rubuta komai: 1973 ce, an ƙara bawul, an huda wuri kaza, an sa maɓalli, taransifomar sauti ba ta asali ba ce. Ka ɗauki hoton cikinta ka tura wa mai saye kafin ya biya, ka kuma maimaita bayanin a kan rasit ya sa hannu.