Filin Tambaya da Amsa: Jirgina ya yi furfura bayan na fesa kiliya

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni mazaunin Agege ne, wata uku na yi ina haɗa ɗan samfurin Alpha Jet irin na sojan saman Najeriya, mai girman 1/72, wato ya fi jirgin gaske ƙanƙanta sau 72. Fenti ya zauna, sitika ta zauna, sai shekaranjiya da sassafe bayan an ɗauke ruwa na fita baranda na fesa masa kiliya (fentin nan garau marar launi da ake rufe aiki da shi) mai sheƙi ta gwangwani, wallahi ko minti biyu ba a yi ba jirgin ya yi fari kamar an barbaɗa masa garin rogo. Jabu aka sayar min ko? In kankare ne in sake daga farko?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ajiye samfefar nan tukuna, kar ka kankare komai, kuma ka ƙyale mai shago, da wuya in laifinsa ne. Kai da bakinka ka faɗi ɓarawon: sassafe, bayan ruwan sama, a baranda, a Legas.

Ga abin da ya faru. Tina, wato ruwan sirka fenti, da ke cikin kiliyar gwangwani tana tashi da sauri, tana tashi kuma tana sanyaya jikin jirgin, kamar dai yadda za ka ji sanyi in fetur ya zuba maka a hannu. To a damina danshin iskar garin nan yakan haura kashi 80 cikin 100, in zafi yana digiri 28 danshi yana 85, digiri uku kacal jikin jirgin zai sauka raɓa ta fara kwanta masa, sai kiliyar ta bushe ta rufe raɓar a ciki, shi ne farin da kake gani. Mutumin Kano zai fesa gwangwanin nan a watan Maris ya ga jirgi yana walƙiya, mu nan da teku da lagun suka sa tsakiya dole mu riƙa duba sama kafin mu duba gwangwani.

Gyaransa ba wuya. Bar shi ya kwana ɗaya, ka jira tsakar rana, wajen 12 zuwa 3 lokacin da iska ta fi bushewa, ka sake bi da kiliyar nan dai siriri, ta jiƙa amma ba ta kwarara ba. Sabuwar za ta narkar da ta ƙasa ruwan ya samu hanyar fita. In kana da ƙaramar bindigar feshi ma ya fi, ka fesa tinar nan Mr. Color Leveling Thinner zalla kaɗan kaɗan, tana da sinadarin da ke jinkirta bushewa, a gabanka farin zai ɓace. Amma ka bi a hankali wajen sitikokin, in ka tara musu tina za su yamutse.

Wani kuskure da na taɓa tafkawa ni kaina: jirgi ya wuni a ɗaki mai AC, na ɗauko shi da sanyinsa na fita waje na fesa, ai tun kafin in danna gwangwanin ya riga ya yi gumi kamar kwalbar lemo daga firij. Ka bar shi ya ɗauki ɗumin wurin tukuna. Gwangwanin kuma ka tsoma shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi minti biyar, mai ɗumi na ce ba tafasasshe ba, kar kuma ya kusanci risho ko gas. Ka nemi ɗan agogon nan mai auna danshi ka rataye, in ya wuce 70 ka haƙura da feshi ranar. Hunturu, Disamba zuwa Janairu, shi ne lokacinmu, sai dai ƙura, ka tanadi robar abinci mai faɗi ka kife kan jirgin da zarar ka gama.

Ga masu amfani da kiliya marar sheƙi, naku farin yana iya zama daban. Akwai wani farin gari a cikinta wanda shi ke kashe sheƙin, in ba a girgiza sosai ba ko aka fesa daga nesa sai ya taru a layukan jikin jirgin kamar alli. Mai sheƙi za ka bi da ita ta haɗiye shi, sannan ka sake. Kuma X-21 ta kamfanin fenti na Tamiya ba kiliya ba ce, sinadarin kashe sheƙi ce, haɗawa ake yi da fenti, XF-86 ce kiliyarsu marar sheƙi da ake fesawa kai tsaye.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Daga Idi-Araba nake. Ina amfani da bindigar feshi da kwamfiresa amma kiliyata ba ta taɓa kwanciya sumul, kullum kamar ɓawon lemo, gindin fiffike kuma gantsar-gantsar kamar yashi, wani lokacin ma sai bindigar ta tofa ruwa.

AMSA: Ƙanena kiliyarka ta yi kauri kuma kana tsayawa nesa, tana bushewa a iska kafin ta isa. In X-22 ce, kiliyar Tamiya mai sheƙi, ka sirka ta ɗaya da ɗaya da tina, ko ma tinar ta ɗan fi yawa, ƙarfin iska a agogon kwamfiresa tsakanin PSI 15 zuwa 20, bakin bindiga kamar faɗin tafin hannu daga jirgin. Zubin farko hazo-hazo, ka ba shi minti goma, na biyu ka sassauta hannu har ka ga jiƙa tana bin bayan bindigar, nan ne mutane ke tsorata su ja baya, alhali nan sheƙin yake. Gindin fiffike kuwa kwana ce, iska tana juyawa a wurin tana zubar da busasshen fenti, sai ka fara da nan, ka matso kusa ka rage iska.

Tofin ruwan daga kwamfiresa ne, iskar Legas ɗin dai ya matse ta zama ruwa a tiyo. Sa matarar ruwa, in da hali biyu, ɗaya a jikin kwamfiresa ɗaya a gindin bindiga, ka kuma riƙa kwance ƙasan tanki kana zubarwa. In NEPA sun kawo wutar nan mai rauni da fanka ma da ƙyar take juyawa, kar ka soma.

Wanda ya riga ya yi ɓawon lemo ka ba shi kwana uku ya ƙanƙame, ka goge da samfefa mai laushi lamba 2000 da ruwa, ka bi da lamba 3000, ban da kan kusurwa don nan fenti ke saurin cinyewa, sai zubi ɗaya mai jiƙa.

TAMBAYA: Ni uwa ce daga Obalende. Yarona ya karɓo ragowar kiliyar mota wurin wani mai fenti a Ladipo ya fesa wa jirginsa, fentin duk ya tattare kamar fatar tsohuwa, yana ta kuka. Akwai dabara?

AMSA: Hajiya Allah ya raya shi, amma wannan kam sai an goge an sake. Tinar mota ta fi ƙarfin fentin mai da ke ƙasa, tana ma iya cin robar jirgin kanta. Abin da ya fi damuna ba jirgin ba ne. In kiliyar nan irin wadda ake haɗawa da hadina (ruwan da ke sa ta ƙanƙame) ce, wadda masu fenti ke kira 2K, tana da gubar da ke lalata huhu tana jawo asma, takunkumin kyalle ba ya tare ta, don Allah ki karɓe ragowar yau ɗin nan. Ki saya masa kiliya mai haɗin ruwa irin ta Vallejo, ya bar fentin mai ya yi sati guda kafin ya ɗora komai a kai, taga a buɗe. Kafin ya taɓa jirgin kuma ya tara fararen cokulan roba na abincin tekawe, kusan robarsu ɗaya da jirgin, ya fenta bayan cokali ya fesa kiliyar a kai ya bari ya kwana, abin da ya ga ta yi wa cokalin shi za ta yi wa jirgin.